Faturar Gidan da Na Tashi

Ƙodar Baba ce ta sa na koyi tuƙi. Na girma a lokacin da mace ba ta riƙe sitiyari a garin nan na Madina, ko da aka buɗe wa mata ƙofa kuma ban ga abin da zai kai ni ba. Sai likita ya ce dole a riƙa wanke wa Baba jini a na'ura, yau a je, gobe a huta. Asibitin yana can wajen Uhudu, mu kuwa muna unguwar Harra ta Yamma. Wani maƙwabcinmu ɗan Chadi, direban motar haya, shi ke kai shi ya ɗauko shi. Mutumin kirki ne, amma idan baƙin Umra suka cika gari wayarsa ba ta hutawa. Sai ya zo a makare yana ba da haƙuri, Baba yana zaune a bakin ƙofa tun ɗazu da sandarsa, ƙafafu a kumbure. Ƙanena yana aiki a shagon kayan gini, ba ya samun fita da rana. Ni ce babba, ni ce kuma na dawo gida, don haka nauyin a kaina ya sauka.

Zaman aurena a unguwar Al-Sih na yi shi, a wani ɗan gida hawa na biyu, mai taga da ke kallon bayan gidan burodi. Can maigidana ya rasu. Da na fita takaba na tattara abin da zan iya ɗauka, na rabar da saura, na dawo wurin Baba. Cikin abubuwan da na sallama kafin in tashi har da layin intanet na gidan. Da sunana aka buɗe shi, domin a lokacin ana sabunta iƙamar maigidan, wato takardar izinin zamansa, tawa ce a hannu. Na kira kamfanin na ce a rufe. Wani saurayi ya yi mini ta'aziyya, ya ce an rufe, sai dai in mayar da akwatin na'urar kowane shagonsu. Na kai. Yaron shagon ya karɓa ya tura ƙarƙashin kanta, ya danna wani abu a kwamfuta, ya ce, "Halas, ya hala," wato shi ke nan, inna. Na juya na fita. A kwanakin nan ko takalmina sai na nema a ƙafata, balle in tuna da neman takardar shaida.

Shekara ta zagayo, wata ma ta kama hanya. Ina aiki a wani wurin shirya dabino, inda muke zaɓe mu jera a kwali, ni ce mai duba layin mata. Albashi ba yawa, amma yana shiga banki a kan kari, kuma an ce mini wannan ya isa a ba mutum ƙaramar mota ya riƙa biya wata-wata. Na ci jarrabawar tuƙi a karo na biyu. Ranar da lasisi ya fito Baba ya karɓa ya juya shi gaba da baya, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Uwata direba." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Ƙanena ne ya raka ni wurin masu sayar da mota, wata Asabar da safe. Na riga na zaɓa tun a waya, wata 'yar fara mai kujerar gaba da ke kwantawa sosai, yadda Baba zai miƙe idan ya fito daga wanki jiri na ɗibarsa. Na zauna a ciki, na taɓa komai. Mai sayarwar ya kawo mana shayi, ya karɓi iƙamata da takardar albashi, yana ta barkwanci da ƙanena. Can sai na ga ya matso da fuskarsa kusa da kwamfuta.

"Akwai matsala a sijil ɗinki," in ji shi da Larabci.

Na ce wane sijil? Ya yi mini bayani a hankali. Akwai wurin da ake ajiye tarihin kowa, wanda ya ci bashi ya biya da wanda ya ci ya ƙi biya, kuma kowane banki can yake fara leƙawa kafin ya ba mutum ko sisi. Nawa ya nuna wani kamfanin waya yana bi na kuɗi tun bara, an nema an gaji, an rubuta ni cikin masu taurin bashi. Ya juyo da allon ya nuna mini. Kuɗin ya fi albashina na wata. A ƙasa ga adireshin gidan Al-Sih.

Na ce na rufe layin nan. Ya ɗaga kafaɗa, ba da wulaƙanci ba, ya ce shi mota yake sayarwa, in je in gyara da kamfanin in dawo. Shayin da ban sha ba yana kan tebur muka fito. A hanya ƙanena ya tambaye ni, da Larabcinsa da ya saba amsa mana da shi ko an yi masa Hausa, ko na tabbata na rufe. Na ce masa ya kalli hanya.

Daga baya na gane abin da ya sa ban taɓa jin labarin faturar ba, wato takardar kuɗin da ake bi na. Lambar maigidana aka rubuta a matsayin wadda za a riƙa tura saƙo, ita kuwa ta mutu bayan mai ita da 'yan watanni. Wata bayan wata ana tura fatura ga wayar da babu, kuɗi yana hawa, har aka ɗora kuɗin na'urar da suka ce ban mayar ba.

Ban so Baba ya sani ba, amma ya ga mun dawo a motar haya. Baba mutumin wani ƙauye ne a bakin kogi a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyarsu ta zuwa hajji da ƙafa, suka zauna ke nan. Ya zo Madina yana saurayi, ya yi shekaru yana sayar da na'ana'a da busasshen fure a rumfunan Uhudu. A duk tsawon wannan lokaci ko burodi bai taɓa karɓa a kan sai gobe ba. Idan wani ya ce bashi hanji ne yana cikin kowa, sai Baba ya ce a'a, nasa cikin tuwo ne kawai a ciki. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a ajiye gawar mutum a yi shelar ko akwai mai bin sa, wani ya ɗaga hannu.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Nawa ne?"

Na faɗa masa.

"A biya su."

"Baba, ban ci ba. Na rufe, na mayar musu da kayansu."

"Na ji. Amma sunanki ne a rubuce ko ba naki ba?"

"Nawa ne."

"To a biya su, Uwata. Allah ya san gaskiya. Kada ki kwana da sunanki a littafin masu bashi."

Na ce masa in na biya na yarda ke nan, kuma tabon ba zai goge ba, za a rubuta cewa na biya bayan an bi ni an gaji. Ya girgiza kai. A wurinsa bashi abu biyu ne kawai, wanda aka biya da wanda ba a biya ba.

Na fara kiran kamfanin a lokacin hutun azahar, ina tsaye a bayan sito inda ake jibge kwalaye, yatsuna suna danƙo da zumar dabino. Sai a sa mini kiɗa in yi ta jira. Idan aka ɗauka in faro labari daga farko: gidan, rasuwar, kiran da na yi, yaron shago. Kowa da ladabinsa. Kowa sai ya ba ni lambar ƙorafi ya ce za a tuntuɓe ni. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo cewa an duba, fatura daidai take, an rufe ƙorafi. In sake kira, wani sabo ya ɗauka, in sake binne maigidana a gabansa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Na fara samun sauƙin rashin, ina iya kwana biyu ban yi kuka ba, sai ga shi kullum dole in furta cewa ya rasu, ga baƙin da ke jiran in gama su karanta mini abin da ke gabansu.

Na koma shagon da na kai na'urar. An canza masa fenti, an canza ma'aikata. Wanda na tarar ya ce ba su ajiye irin wannan, ana kwashewa a kai babban sito, kuma in ba ni da rasit babu abin da zai iya yi. Na tsaya ina kallon ƙarƙashin kantar kamar zan ga akwatin yana nan yana jira na.

Sannan masu karɓar bashi suka samo lambata. Ba kamfanin ba ne da kansa, wasu ne aka ba su aikin bi. Su ba ruwansu da labari. Suna kira da safe, suna kira da la'asar, murya ɗaya mai sanyi kamar ta mai karanta sanarwa. Wata ranar Juma'a ina yanka wa Baba kabewa a tsakar gida, hannuna a jiƙe, na sa wayar a lasifika ban duba mai kira ba. Mutumin ya ce in ban biya ba za a kai maganar gaba, za a iya dakatar mini da hidimomin gwamnati, in lokacin sabunta iƙama ya zo kada in ce ba a gaya mini ba. Ban san ko gaskiya yake faɗa ko barazana ce ba. Amma duk wanda ya zauna a ƙasar da ba tasa ba ya san nauyin wannan magana. A nan aka haife ni, ban san wani gari ba, amma zamana a kan kati yake, katin kuma shekara-shekara ake sabunta shi. Na kashe wayar da gwiwar hannu. Da na ɗago, Baba yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya dafa bango.

Ya koma ciki. Ranar bai ci kabewar ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in daina wahalar da kaina da kamfanin, in kai ƙara hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin waya. Na shigar ta waya, na haɗa da takardar hayar gidan da ta nuna watan da na tashi, da takardar rasuwar maigidana. Wata mata ta kira ni daga can. Ita ce ta farko da ta bar ni na kai ƙarshen magana ba ta katse ni ba. Ta ce za a nemi kamfanin ya kawo hujjarsa, za a ɗauki lokaci, amma ta ja kunnena a kan abu guda: kada in biya ko riyal ɗaya har a gama. Na dawo gida da ɗan ƙarfin gwiwa na gaya wa Baba. Ya ce, "Allah ya sa." Ya ci gaba da jan carbinsa.

A makonnin nan ya rage magana. Idan na dawo daga aiki sai ya dube ni, in gane tambayar, in ce ba a kira ba tukuna. Masu jinya suka ce hawan jininsa ya ƙi sauka, suka tambaye ni ko yana cin gishiri a ɓoye. Na san ba gishiri ba ne.

Ina wurin aiki ina duba kwalayen dabinon ajwa saƙon ya shigo. An rufe ƙararki. Na karanta layin farko kawai, zuciyata ta yi fari, har na ce wa ta kusa da ni alhamdu lillahi, sun yarda. Sai na karanta sauran. An rufe ne saboda an biya kuɗin gaba ɗaya, don haka babu sauran jayayya tsakanina da kamfani.

Na kira ƙanena. Bai ɗauka ba. Na sake kira, ya ɗauka.

"Kai ne?"

"Yaya, wallahi Baba ne ya matsa mini."

Na nemi izini na bar aiki. Na tarar da Baba kwance a kan katifarsa ta tsakar ɗaki, bai daɗe da dawowa daga wanki ba, auduga tana manne a hannunsa. Ƙanena ya riga ni isowa, yana tsugune a gefe. Ba a ɗaga wa uba murya, don haka duk abin da ke cikina a kan ƙanena na juye. Na ce shi da ya yi makaranta, shi da ya ji abin da matar hukuma ta ce, ta yaya zai danna wannan abu? Da Larabci ya ce ya yi ƙoƙarin hana shi. Na ce ya yi mini Hausa, yau ba na son jin Larabcin kowa. Ya sunkuyar da kai.

"Ki bar shi," in ji Baba, muryarsa can ƙasa. "Ni na sa shi. Na ce in bai biya ba zan hau mota in je da kaina."

"Baba, da wane kuɗi?"

Ƙanena ne ya ce, "Na Gwaggo."

Gwaggo ita ce ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage masa cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Tun da Sudan ta rikice ta bar ƙauye da jikokinta, suna zaune a wata makaranta a wani garin da ban taɓa jin sunansa ba. Baba yana tara duk abin da muka ba shi, da abin da tsofaffin abokan rumfa suke saƙa masa a aljihu idan sun zo dubiya, don ya aika mata ta kama ɗaki kafin damina. Ya kusa cikawa.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "Kullum idan aka sa mini allurar nan, ina kallon jinina yana fita yana dawowa, ban san ranar da zai fita ya ƙi dawowa ba. Ba zan tafi in bar ki ana kiran ki a waya ana yi miki gori ba. Gwaggonki tana da Allah. Ke ma kina da shi, amma ke a gabana kike."

Ya yi abin da ya sani ne, da abin da yake da shi. Shi a ganinsa ya cire mini ƙaya. Ban iya gaya masa a ranar cewa ya ƙara tura ta ciki ba.

Masu karɓar bashi sun daina kira, wannan kam gaskiya ne, Baba kuma ya koma cin abinci. Amma da na duba sijil ɗin, abin da na ji tsoro shi ya faru. An rubuta an biya, a gefe kuma ga tarihin watannin da aka ce na ƙi biya, jere reras. Na kira mai motar, ya ce banki ba zai duba ni ba sai an daɗe. Yanzu ga tabo, ga kuɗin Gwaggo ya tafi.

Sake buɗe ƙarar ya fi buɗe ta wuya. Na je babban ofishin kamfanin, ɓangaren mata, na ja lamba na zauna. Wadda na samu yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanena ba. Ta duba ta ce, "In ba ki ci ba, me ya sa kika biya?" Na ce mahaifina ne ya biya ba da sanina ba. Ta ce kwamfuta ba ta san wanda ya biya ba. Na ce to kwamfutar ta san na kira na ce a rufe? Ai kullum kafin a ɗauka sai an ce ana naɗar magana. A nemo. Ta ce tsohon kira ne, ba ta da ikon kaiwa gare shi, sai an rubuta wa wani sashe. Na ce ta rubuta, ina zaune. Ta dube ni, ta ga ba tashi zan yi ba, ta rubuta. Na koma wurin hukuma na sake shigar da ƙara, wannan karon na ce abu ɗaya nake nema, a saurari kiran.

Ana cikin wannan jira azumi ya kama, gari ya cika maƙil. Wata ranar wanki direban bai zo ba, wayarsa a kashe, daga baya muka ji cunkoso ne ya riƙe shi da baƙi a hanyar filin jirgi. Na fito da Baba bakin titi muna neman mota, rana ta take. Duk wadda ta tsaya sai ta ce ba ta nufi Uhudu ba, ko ta faɗi kuɗin da ba shi a jakata. Ga lasisi a cikin jakar. Baba ya jingina da wani baƙin dutse na katangar maƙwabta, ya ce bari ya ɗan zauna, sai na ga yana sulalewa. Wani mai ɗaukar kaya ne ya tsaya, muka sa shi a gaba, ni na hau baya tare da buhunan albasa. Da muka isa lokacinsa ya wuce, an ba wani na'urar, ruwa kuma ya taru masa a ƙirji. Aka kwantar da shi. A asibiti muka yi rabin azumin, ni da ƙanena muna karɓa-karɓa, muna miƙa wa juna kwanon buɗa-baki ba mu haɗa ido ba. Tun ranar biyan kuɗin ba mu yi wata doguwar magana ba.

Bayan salla aka kira ni ofishin kamfanin. Wata babbar ma'aikaciya ce ta karɓe ni a wani ƙaramin ɗaki, ta ce an samo kiran, ana so in tabbatar muryata ce. Ta miƙo mini abin sawa a kunne. Ban shirya wa abin da na ji ba. Wata mata ce take magana a hankali, muryarta a dushe, tana tsayawa tsakiyar jimla kamar ta manta abin da ya kawo ta. Ta ce maigidan ya rasu, za ta tashi, a rufe layin. Saurayin ya ce Allah ya jiƙansa, an rufe. A bayanta ana jin ƙarar injin gidan burodi. Na cire abin daga kunnena na ce ni ce. Matar ta turo mini kwalin tishu. Ta ce an karɓi buƙatar amma ba a ƙarasa ta a kwamfuta ba, kuskure daga wurinsu ne, za a soke faturar har da kuɗin na'ura, a mayar da abin da aka biya, a rubuta wa masu sijil su goge. Ta ce ma'alesh. Kalmar ke nan da ake faɗa idan an taka wa mutum ƙafa a kasuwa.

Gogewar ma ba nan take ta zo ba. Sai da na bi, na sake bi, kamfani ya ce ya aika, masu sijil su ce bai iso ba. Da aka goge, aka mayar da kuɗin asusun ƙanena, damina ta riga ta sauka a can. Gwaggo ta yi ta a ajin makaranta, ƙaramin jikanta ya yi ta fama da zazzaɓi. Mun aika mata duk da haka, ta kama ɗakin daga baya. Motar da na zaɓa kuwa an daina kawo irinta, wadda ta maye gurbinta kuɗin watanta ya fi ƙarfina. Wata tsohuwa na samu a hannun wani malamin makaranta, ƙanena ya cika mini, da wannan muka shirya ba tare da wani ya ce wa wani yi haƙuri ba. Ita nake kai Baba da ita yanzu. Na'urar sanyinta tana aiki idan ta ga dama.

Abin da ya rage mini shi ne tsoron saƙo. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Duk abin da na saya, ko batir ne, sai na karɓi rasit na ɗauki hotonsa. Mata a wurin aiki suna yi mini dariya, ina taya su, amma ban daina ba.

Baba kuwa har yau bai yarda an mayar da kuɗin ba. Na nuna masa saƙon banki, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Ƙanena ya karanta masa, ya ce ai bakinmu ɗaya. A saninsa na duniya, wanda ya karɓi kuɗi ya ce nasa ne ba ya dawowa ya ce ya yi kuskure. Ya yanke a ransa cewa ni na haɗa kuɗin daga albashina na aika wa Gwaggo, na ƙirƙiro labarin kamfani don kada ya ji nauyi.

Kwanan baya ina zaune kusa da shi a ɗakin wanki, na'ura tana juyawa, ya buɗe ido ya ce, "Uwata, kuɗin nan na Gwaggonki."

"Na'am, Baba."

"Ina sane. Zan biya ki kaɗan-kaɗan."

"Baba, ba na bin ka komai. Kamfanin ne ya mayar."

"To," in ji shi, ya rufe ido.

Da muka dawo gida na tarar ya sa takardar riyal goma a ƙarƙashin filona, an ninke ta kamar laya. Na mayar masa aljihun rigarsa da ke rataye. Mako na zagayowa na sake tarar da ita, wannan karon da 'yar'uwarta. Na daina mayarwa. Ina tara su a gwangwanin shayi, idan sun yi auki in saya masa na'ana'a da magungunan da asibiti ba ya bayarwa. Ban san ranar da zai ga ya gama biya ba, ban kuma tambaye shi nawa yake ganin ya rage ba.